Likitar Da Ke Makara

Laraba, cikin wata na biyar

Zuwa ga Mai Rijiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanenka da injinanka. Yaya rana, yaya ƙafar da ka ce tana damun ka? Ina fatan kana shafa maganin, ba ka bar shi a ƙasan jaka yana gadin safa ba. Ni lafiya lau, na cikin ma lafiya, ya fara shuri.

Direban motar kayanku ya kawo mini 'yar takardarka jiya. Layi huɗu. Wata biyu kana can inda waya ba ta kamawa, kana huda ƙasa don mutane su sha ruwa, abin da ka iya haƙo wa matarka layi huɗu ne, kuma ɗaya daga ciki cewa yake in zaɓi duk asibitin da ya yi mini. Duk wanda ya yi mini! Sai ka ce labule za a saya. Na karanta sau uku, na ajiye, na zagaya ɗaki, na dawo na duba ko ta ƙara tsawo.

Ba na son tono abin da muka rufe, amma ni da kai mun san abin da "duk asibiti" ya yi mana shekara tara da suka wuce. Kai kana baranda, ba ka ji ba. Ni ina kan gado tun hantsi ina ce musu motsin ya canza, suna ce mini likita na hanya. Azahar ta yi, likita na hanya. La'asar ta yi, yana hanya. Da ya iso, da turarensa da makullin mota a hannu, ɗanmu ya riga ya koma. Har yau ko mai gyaran famfo aka ce mini yana hanya, sai bakina ya yi ɗaci. Ka san littattafan da suka cinye mana rabin falo. A yawancinsu, in mace ta fara naƙuda sai marubucin ya ja ƙofa ya bar ta a ciki, ya bi mijin yana kai da kawowa a waje. Ni na kwanta a bayan wannan ƙofar, na san wanda ke ciki. Ba kowa.

Yanzu ina da shekara arba'in da huɗu, Allah ya sake ba ni bayan na daina roƙo. Abu ɗaya nake nema, likitan da zai kasance a ɗakin ranar da zan haihu. Saura duk ado ne.

Don haka na ɗauki hutu na koma ga abin da na iya. Shekara ashirin ina duba makarantu. Na san harabar da aka share don zuwana, na san allon da aka cika da rubutu ina bakin ƙofa. Na zana takardar maki irin ta aiki: tsabta, ruwa, wuta, fuskar ma'aikata, sai kiyaye lokaci a can sama da maki mafi tsoka. Malamin da ke makara aji, sauran halayensa ma a makare suke zuwa, ban taɓa ganin wannan ya saɓa ba.

Ƙanwata Auta ta rufe shagon ɗinkinta ta raka ni asibitin farko. Wai ta zo ne don ta riƙa ba mutane haƙuri a bayana. Sun nuna mana ɗaki mai fure a kwalba da talabijin da ta fi taga girma. Da mai nuna mana ta fita, na danna ƙararrawar gefen gado na zauna. Shiru. Na sake dannawa. Sai na durƙusa da cikina na bi wayar ta bayan gado, na same ta a naɗe a ƙasa, ba a jona ta da komai ba. Auta ta ce, Yaya don girman Allah tashi, kada a shigo a ce sata muka zo.

Wani irin barci ke ɗauka ta kwanakin nan da rana tsaka, mai nauyi kamar an lulluɓe ni da bargo jiƙaƙƙe. Jiya na ga gidanmu ya cika da ruwa garau har taga. Littattafaina suna yawo a buɗe, ba su jiƙe ba, ina ratsa su a hankali. Can ƙasa, nesa ƙwarai, ina jin injinka yana bugawa. Na farka ban san a wane ɗaki nake ba, kuma ban damu in sani ba.

Ka gaida mutanenka. Ka rubuto abin da ya wuce layi huɗu.

Matarka,
Sufeto


Juma'a, cikin wata na shida

Zuwa ga Mai Rijiya,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Na ji kun sami ruwa a rijiya ta uku, barka da arziki. Takardarka ta wannan karon ta kai layi tara, Allah ya ƙara basira.

Na zaɓa. Bari ka ji yadda aka yi.

Wata abokiyar aikina ta dame ni da zancen wata likita, wai 'ya'yanta huɗu duk a hannunta suka faɗo. Aka ba ni ƙarfe goma ranar Talata. Wurin tsohon gidan bene ne da aka mai da ƙasansa asibiti. Tsakar gida da babbar bishiya, bencuna na katako a ƙarƙashin rumfa, famfo yana ɗiga a bokiti. Tsabta akwai, ba zan yi mata ƙarya ba. Na isa goma saura kwata. Goma ta yi, sha ɗaya ta yi. Matan da ke kan benci ko a jikinsu. Wata na saƙa hula, wata ta zo da filas ɗin shayi da kofi uku kamar wadda ta zo yini, wata ta miƙe ƙafa tana ba ta kusa da ita labarin maƙwabta. Na ce a raina, ga yadda ake lalata ma'aikaci, a zauna masa shiru.

Inuwar ganye tana yawo a bango, famfo yana ɗiga, littafina ya zame a cinya. Sai na ga bencin ya zama kwalekwale, mu duka da cikinmu a gaba muna tafiya a kan wani ruwa mai launin shayi. Mai saƙa tana jawo zarenta daga cikin ruwan. Ba mai tuƙi, ba kuma wadda ta tambayi inda za mu. Na farka ƙarfe ɗaya da rabi, da miyau a gyale da fushi sabo fil.

Na je wurin mai ba da kati, wata gajeruwa mai tabarau a ƙarshen hanci. Ta ce in yi haƙuri, likita tana ciki da wata tun da safe. Auta ta ja ni gefe, wai Yaya ai kin ji, haihuwa ake yi. Na ce mata shekara ashirin ina shan uzuri: taya ta fashe, yaro ba lafiya, ruwa ya tare hanya. Kowane makararre yana da labari mai daɗi, ni aikina in rubuta lokacin da ya shigo. Muna cikin haka likitar ta gifta daga wata ƙofa zuwa wata, doguwa, da silifa na roba, hular tiyatarta ta karkace, ko kallon mu ba ta yi ba. Na zauna na cika mata takardata shafi biyu, na ba ta uku cikin goma, na sa hannu da cikakken muƙamina, na miƙa wa mai tabarau na ce a ba ta hannu da hannu. Auta ta rantse ba za ta sake raka ni ko bakin titi ba. Washegari ta rako ni.

Wurin da muka je sabon gini ne, ƙofar gilashi tana buɗe kanta, sanyi ya tare ka kamar an san da zuwanka. A ɗakin jira akwai akwatin gilashi cike da ruwa da ƙananan kifaye ja da ruwan ɗorawa. Ƙarfe goma aka ba ni. Ina kallon agogon bango, dogon hannu yana taɓa sha biyu aka kira ni. Wallahi sai da idona ya yi ƙwalla.

Likitan dattijo ne mai furfura kaɗan, rigarsa ta sha guga. Ya karanta takarduna tun kafin in shigo. Ya auna jinina, ya ce ya ɗan hau, za a sa ido. Ya ɗora na'ura a cikina ya jiyar da ni bugun zuciyar, da sauri da sauri kamar mai gudun kada a tafi a bar shi. A ɗakin kwana na danna ƙararrawa, nas ta shigo kafin in ɗauke yatsa. Na ba su tara da rabi, rabin ma na cire ne don kada kai ya kumbura. Auta ta raɗa masa suna Likita Mai Agogo, ta ce ni da shi da makaranta ɗaya muka yi aiki da tuni malamai sun gudu.

Na yi rajista. Tun ranar nake barci kamar an sauke mini dutse daga ƙirji. Ka kwantar da hankalinka kai ma, in dama ya tashi.

Taka,
Sufeto


Alhamis, cikin wata na takwas

Mai Rijiya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan jikinka lafiya. Ni jikina lafiya, ƙafafu ne suka kumbura, takalminka nake sawa a cikin gida. Raina ne ba lafiya, kuma a wannan karon ba kai ka ɓata shi ba.

Sau huɗu ina zuwa awo wurin Mai Agogo, ban taɓa zaman da zan gama shafi ɗaya ba. Har haushi nake ji, don ina son kallon kifayen nan. Akwai wani ja mai doguwar jela da ke tsayawa cak a tsakiyar ruwa, bai yi sama ba, bai yi ƙasa ba, sai in ga kamar haka na cikina yake, a rataye cikin ɗumi yana sauraren duniya daga nesa. Yau na yi sammako da gangan don in zauna da su. Da na gaji da zama sai na bi barandar da ke zuwa ɗakin haihuwa.

A bangon barandar suna liƙa kati ga duk jaririn da aka haifa: sawun ƙafarsa da tawada, rana, lokaci, da sa hannun likitan da ya karɓe shi. Ado ne, don masu zuwa su ce kai, sha'awa. To ka san cutata, ba na iya wuce rajista ban karanta ba. Na fara daga sama ina murmushi. Ban kai layi na uku ba murmushin ya tafi. Sa hannun Mai Agogo na san shi, yana kan katina. A bangon nan kaf ba ya fitowa sai Litinin da Alhamis, tsakanin ƙarfe bakwai da tara na safe. Duk wanda ya zo Lahadi, ko Talata da rana, ko Asabar da yamma, wani hannu ne daban ya karɓe shi. Hannu bakwai na ƙirga, ba wanda na taɓa gani.

Na nemi babbar ungozomarsu, mace mai jiki da sanyin murya. Ba ta ɓoye komai ba, da alfahari ma ta faɗa. Wai likita ba ya yarda masu awo su jira shi ko na minti ɗaya. Waɗanda ya sa wa ranar tiyata yana gamawa da su kafin a buɗe awo. Wadda naƙuda ta zo wa da kanta, likitan da ke kan aiki a ranar ne zai ji da ita, in abu ya cije a buga wa babba waya. Na ce ina gidansa? Ta ce can bayan gari, in ba cunkoso minti arba'in.

Da aka kira ni na tambaye shi ido da ido. Shi ma bai yi ƙarya ba, zan ba shi wannan. Ya ce da shekaruna da hawan jinina, dama shirinsa ya sa mini wata Litinin ya ciro jaririn lafiya. Na ce wuƙa ba ta ba ni tsoro, in ita ce maganin a kawo biyu. Amma in na cikin bai san Litinin ba fa? Ya yi murmushi ya ce za a kira shi, ya taho. Sai ya dubi agogo, minti sha biyar ɗina sun cika, ya miƙe ya buɗe mini ƙofa da ladabi.

Na fi awa ɗaya zaune a tashar bas, motoci suna zuwa suna wucewa. Ba ya makara ne don ba wadda ke riƙe shi. Waccan kuwa mai silifa, an gaya mini da baki inda take, a kunnena aka faɗa, na rubuta shi a layin uzuri. Ni da na kwanta yini guda ina kiran likita, ni ce na ba matar da ta ƙi barin mai naƙuda uku cikin goma, saboda ta bar ni a inuwa da littafi a hannu. Na sa hannu kuma, da muƙami, har da hatimi, don a jakata yake.

Na gaya wa Auta. Ta yi dariya har ta zauna a kan kwandon zarenta, sannan ta ga fuskata ta daina. Ta ce to Yaya sai a koma. Na ce da wace fuskar? Ta ce da wannan dai, ba mu da wata.

Kada ka rubuto ka ce in yi haƙuri. Saura mako bakwai, kuma ban da kowa a ɗakin.

Matarka,
Sufeto


Talata

Zuwa ga Mai Rijiya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyarka da ta ƙafar. Takardarka ta zo, ba ka ce in yi haƙuri ba, ka ce ka nemi a sake ka nan da mako biyar. Na sa ta a cikin littafin da nake karantawa, ina buɗewa ina gani.

Na koma. Mai tabarau tana hango ni ta sauke tabarau ta goge ta mayar, ta ɗaga murya yadda duk benci zai ji, wai a gyara zama, Sufeto ta dawo. Na ce kati nake so. Ta ce na ƙarfe nawa, don kada a sake samun saɓani? Na haɗiye. Na zauna kusa da mai filas, ita ce dai ta ranar, cikinta ya ƙara gaba. Ta zuba mini shayi ba ta tambaye ni komai ba. Famfon ya daina ɗiga. Ganye yana ta rubutu a bango yana gogewa, na yi ta kallo har na daina jin nauyin jikina. Wajen sha biyu wata ƙaramar murya ta tsage daga ciki, duk benci ya ɗauki barka, har da ni, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba.

Ƙarfe biyu saura aka shigar da ni. Ofishinta bai kai kicin ɗinmu ba. A bango, bayan kujerarta, ga rahotona an liƙa da ƙusa, shafi biyun duka. Ta bi idona da kallo, ta ce shekara talatin tana aiki ba wanda ya taɓa rubuta mata abu da rubutu mai kyau haka. Ta ce famfo an gyara, benci an sa masa matashi, na gode. Makara kuwa ba za ta gyaru ba, in ina neman mai gyara ta in koma inda na fito. Sannan ta ce matan watan da zan haihu sun cika, ba ta ɗaukar abin da ya fi ƙarfin tsayuwarta.

Na shirya jawabi tun a gida, mai sakin layi uku. Ko kalma ɗaya ban tuna ba. Sai na ji ina ba ta labarin ranar nan, tun daga hantsi har la'asar, har launin labulen, har ƙarar makullin motar. Ban taɓa faɗa wa kowa shi a jere ba, kai ma guntu-guntu ka sani. Ba ta ce mini sannu ba, ba ta ce ƙaddara ce ba. Ta bari na gama, ta ce hau gado. Hannunta sanyi, yana warin sabulu. Ta daɗe tana lalube, ta auna jinina sau biyu, ta ɓata fuska, ta canza mini magani.

Tana wanke hannu ta ce ba za ta yi mini alƙawarin da ba ta iya cikawa ba. In ta kama tiyata za ta yi, kuma tana ganin za ta kama. In mu biyu muka fara a rana ɗaya, za ta raba kanta, abokiyar aikinta ta riƙe ɗaya, amma zan riƙa jin muryarta ta bango. Na ce in abin ya zo tana gida fa? Ta nuna rufi da yatsa. A sama take kwana. Tsakanina da ita matakala goma sha huɗu ne, ta ce in ban yarda ba in je in ƙirga, tunda sana'ata ce. Na je na ƙirga. Sha huɗu ne.

Ta ɗauke ni, da sharaɗi biyu: in zo awo duk mako, in kuma zauna a benci bakina a rufe. Auta ta ce na biyun ne zai kashe ni.

Da na dawo na kwanta da rana, na ga ina hawa wani bene a cikin ruwa, kowace taka tana da ɗumi kamar an jima da zama a kanta. Ban kai sama ba na farka, amma ba a firgice ba.

Ka kula da kanka. Ka zo da wuri in sun bari.

Taka,
Sufeto


Asabar, daga gado

Mai Rijiya, maigidana,

Sallama. Ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kwance nake, Auta ce ke riƙe mini littafin da na ɗora takardar a kai, kuma tana leƙe.

Haihuwa ba ta jira ka ba, ba ta jira kowa ba. Ranar Laraba da hantsi ina shanya kaya na ji ruwa ya biyo ƙafata. Auta ta tsayar da tasi da hannu biyu kamar mai tare ɓarawo. Muna shiga tsakar gidan, likita tana zaune da wata mai awo, ƙofa a buɗe. Ta ɗago ta gan ni, ta ajiye biro a tsakiyar kalma.

Tun daga nan ba ta fita ba. Ta ja kujera ta zauna a gefena, ta ɗaura mini na'urar jin bugun zuciya, tana ba ungozoma labarin wata akuyar maƙwabta da ta cinye mata fure, don in daina kallon ƙofa. Wajen azahar na ji motsin ya canza, irin na wancan karon, sak. Na buɗe baki zan faɗa, na ga ta riga ta miƙe, idonta a kan na'urar. Ta ce na sani, ni ma na gani, za mu shiga yanzu. Ba ta ɗaga murya ba, amma kafin in gama salati gadon yana tafiya.

Sun yi mini allura a baya, rabin jikina ya tafi wata ƙasa ya bar ni. Aka sa kyalle kore a gabana. Fitilar sama ta zama kamar rana in ka kalle ta daga ƙarƙashin ruwa, muryoyi suna zuwa a hankali, suna lanƙwasa. Ina jin ana ja, ana turawa, ba zafi, kamar ana neman wani abu a jakar da ba tawa ba. Duk bayan ɗan lokaci sai muryarta ta ɓullo ta saman kyallen, Sufeto kina nan? In ce ina nan. Ta ce ni ma.

Sai aka yi shiru. Cibiya ta naɗe mata wuya sau biyu, daga baya aka gaya mini. A lokacin shirun kawai na sani, kuma na san irinsa. Na ji tafin silifa da sauri, na ji ana goga wani abu da tawul, na ji likita tana cewa haba 'yar nan, haba, uwarki mai faɗa ce, kada ki ja mini. Ban san tsawonsa ba. Ni da ba na rabuwa da agogo, ban san tsawonsa ba.

Sai ta yi kuka. Ƙarama ce muryar, a shaƙe, cike da fushi, kamar wadda aka tayar daga barci mai daɗi. Aka ɗora mini ita a ƙirji da ɗuminta. Ta buɗe ido ɗaya ta dube ni, ba ta ga abin burgewa ba, ta rufe.

Mace ce. Lafiyarta lau, tana shan nono kamar bashi take bi na, Auta ta ce in goge wannan, na ƙi. Kunnuwanka ta ɗauko, Allah ya ba ta haƙuri. Jinina ya sauka, an ce gobe zan taka.

Ban sayi komai ba, Mai Rijiya. Ko hula. Duk watannin nan ina wuce shagon kayan jarirai ina kau da kai, ban gaya maka ba, ban gaya wa Auta ba. A gyalena aka naɗe ta ranar farko. Yanzu Auta ta kwana biyu a kan keken ɗinki, ta ɗinko riguna shida, duk sun yi mata yawa.

Direba yana jira a waje, ya ce in ka ga wannan ba mai iya riƙe ka. Ka bar musu injin ka taho. Ka wanke hannu sosai kafin ka shigo, ɗaki na biyu ne daga bishiya. In mai tabarau ta tambaye ka wurin wa ka zo, kada ka ce Sufeto, sun daina kira na haka tun Laraba.

Matarka,
Mai jego